Daga Ina Wutar Lantarkinmu Take Fitowa? Tambayoyi da Amsoshi kan Ruwa, Rana da Gazuwal a Arewacin Kamaru da Chadi

Duk shekara idan bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, zancen wuta ne a bakin kowa: a majalisa, a shagon tela, a wurin mai ƙanƙara da mai walda. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi, daga Ngaundere har Kuseri da ƙetaren kogi a Njamena, tare da amsoshinsu gwargwadon hali.

Mene ne bambancin makamashi mai sabuntuwa da wanda ba ya sabuntuwa?

Mai sabuntuwa shi ne wanda in ka yi amfani da shi yau, gobe ko baɗi wani zai maye gurbinsa da ikon Allah: hasken rana, iska, ruwan kogi, zafin ƙarƙashin ƙasa, da ragowar amfanin gona. Wanda ba ya sabuntuwa shi ne wanda ake tonowa daga ƙasa, kamar ɗanyen mai, iskar gas, kwal da yuraniyom. Man da kwal ragowar tsirrai ne da ƙananan halittu da ƙasa ta danne shekaru miliyoyi. Litar gazuwal, wato dizal, da ka ƙona da daddare ta tafi ke nan, ba mai dawo da ita a zamaninmu ko na jikokinmu.

Amma a kula tun daga nan: don abu yana sabuntuwa ba shi ne ake samunsa a duk lokacin da ake so ba. Rana tana faɗuwa, kogi yana janyewa, iska tana kwantawa. Rabin matsalarmu a wannan yanki a nan take.

Ta yaya ruwa ko mai yake zama wuta a waya?

Kusan duk tashoshin duniya dabara ɗaya suke bi, wadda Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831: in aka juya maganaɗisu kusa da naɗin wayar jan ƙarfe, lantarki zai gudana a wayar. Abin da ya rage shi ne a samo abin da zai yi juyin. A madatsa, ruwa ne yake gangarowa da ƙarfi ya juya farfela. A tashar kwal ko ta nukiliya, ana tafasa ruwa ne tururinsa ya yi juyin. A gurup, wato janareta, injin da ke shan gazuwal ko fetur ne.

Faifan sola ne kaɗai ya fita daban. Ba abin da ke motsi a cikinsa. Haske ne ke faɗa wa siraran yankan silikon, lantarki ya fito kai tsaye. Shi ya sa ba ya ƙara, ba ya neman juyen mai, ba ya cin bel.

Wutar da ake sha a Garwa, Marwa da Ngaundere daga ina take zuwa?

Uwar tafiyar ita ce madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kudu da Garwa. An fara gina ta a 1977 aka kammala a 1982, zamanin Ahmadu Ahidjo, da taimakon ƙasar Sin. Injuna huɗu gare ta, kowanne megawat 18, jimilla 72. Daga nan manyan wayoyi suke ɗaukar wutar su kai ta jihohi uku: Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa.

Bayan Lagdo akwai tashoshin gazuwal, kamar ta Jambutu a Garwa, waɗanda ake kunnawa su cike giɓi. Sai kuma tashoshin sola biyu na Marwa da Gidar da suka shigo daga baya. Wasu garuruwan da babbar waya ba ta kai gare su ba, injin gazuwal na garin ne kaɗai gatansu.

To in ruwa mai sabuntuwa ne, me ya sa ake ɗauke wuta da bazara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don haka bari a tsaya a kanta.

Madatsa rumbu ce. Da damina, daga wajen Yuni zuwa Oktoba, ake zuba mata, sannan a yi ta ɗiba har wata daminar. In damina ta yi kyau rumbu ya cika, a kai ga sabon ruwa lafiya. In ta yi gardama, dole mai gida ya rage awo tun da wuri, in ba haka ba a wayi gari babu ko tsaba. Abin da ya faru ke nan bayan daminar 2020: tafkin Lagdo bai samu ruwan da ya saba samu ba, aka shiga rabon wuta mai tsanani a jihohin uku, unguwa ta samu yau, gobe a ba wata.

Ƙari a kan haka, ƙarfin injin ya danganta ne da abu biyu, yawan ruwan da ke ratsa shi da kuma tsayin da ruwan yake faɗowa. Idan tafki ya ja baya, tsayin ya ragu, sai kowace ganga ta ruwa ta ba da wuta ƙasa da wadda take bayarwa a watan Oktoba. Ga rana da busasshiyar iskar hunturu suna shan nasu kason a sararin tafkin da ya haura murabba'in kilomita 500. Ga kuma yashi da laka da ruwa ke kwasowa daga gonakin da aka sare itatuwansu, suna kwanciya a ƙasan tafkin shekara da shekaru suna cinye wurin da ruwa zai zauna. Mai sare itace a gaɓar Mayo Rey bai san yana rage wutar asibitin Marwa ba, amma yana ragewa.

Sannan a tuna an gina Lagdo ne don mutanen 1982. Garwa da Marwa na yau sun ninka na wancan lokaci, kowane gida da fanka da firji da wayoyin da za a yi wa caji. Injunan kuwa huɗun nan ne dai, sun haura shekara arba'in suna aiki. Abin da ya fi ciwo shi ne lokacin da ruwa ya fi ƙaranci shi ne lokacin da zafi ke haura digiri 40, kowa yana neman iska da ruwan sanyi.

Akwai kuma ɗaya gefen. Shekarar da ruwa ya yi yawa fiye da kima dole a buɗe ƙofofi don kada madatsar ta samu matsala, kamar a 2012 lokacin da ambaliya ta ci garuruwa a gaɓar Binuwai, nan Kamaru da can Najeriya. Ruwan da aka saki a Satumba ba ya dawowa ya taimaka a Afrilu.

Ai an ce Kamaru tana da manyan madatsu. Me ya hana su ba mu?

Gaskiya ne. A kan kogin Sanaga akwai Edeya da Song Lulu mai megawat 384, da sabuwar Nachtigal mai 420. Akwai Memve'ele mai 211 a kan kogin Ntem, da tashar iskar gas ta Kribi mai 216 da ta fara aiki a 2013. Nachtigal kaɗai ta kusa ninka Lagdo sau shida.

Matsalar ita ce tun asali wayoyin kudu daban aka shimfiɗa su, na arewa daban. Lantarki kuwa ba a zuba shi a tanka a hau da shi Ngaundere, sai da waya. Akwai kuma madatsar Bini a Warak kusa da Ngaundere, mai megawat 75, wadda aka tsara don ta rage wa Lagdo nauyi, amma aikinta ya daɗe yana jan ƙafa saboda batun kuɗi.

Chadi fa? Ƙasa mai arzikin mai, me ya sa wuta ta yi mata wuya haka?

Tun 2003 Chadi take fitar da ɗanyen mai daga yankin Doba, ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 da ya ratsa Kamaru zuwa teku a Kribi. A 2011 aka buɗe matatar Jarmaya a arewacin Njamena tare da kamfanin CNPC na Sin. Duk da haka, waɗanda ke da lantarki a ƙasar wajen kashi 12 ne cikin 100, a karkara kuwa ba su kai kashi 2 ba. Tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin wuta a duniya.

Dalili shi ne mai a rijiya daban, wuta a gida daban. Tsakaninsu akwai tasha, da manyan wayoyi, da turakun unguwa, da taransifoma, da kwanta, wato mitar da za ta ƙirga, da kuma mai biyan kuɗin. Chadi ƙasa ce mai faɗin gaske, garuruwanta nesa da juna, jan waya daga Njamena zuwa Abeche ko Mundu ba ƙaramin kuɗi ba ne. Don haka kowane babban gari da nasa injunan, kusan duk masu shan mai. In tanka ta makara ko inji ya lalace ana jiran kayan gyara daga waje, gari ya kwana a duhu.

Ba ta kuma samu irin rabon Kamaru na ruwa ba. Shari da Logon manyan koguna ne, amma a shimfiɗaɗɗen fili suke tafiya, babu gangaren da zai juya inji da ƙarfi. Wurin da aka daɗe ana ambato shi ne magangarar Gauthiot a kan Mayo Kebbi. Abin da Chadi take da shi a wadace, fiye da yawancin ƙasashen duniya, rana ce, sai iska a arewa.

Mene ne aibin gazuwal, tun da shi ne ke ceton mu?

A ba shi haƙƙinsa: ana kunna shi a kowane lokaci, dare ko rana, damina ko rani, kuma inji ba ya ɗaukar shekaru kafin a girka shi. Ɗakin tiyata ba zai jira rana ta fito ba.

Aibinsa na farko tsada. Lita ɗaya a inji mai lafiya kilowat-awa uku ne da ɗan kai take bayarwa, ƙananan gurup na gida ma ba sa kaiwa (kilowat-awa ɗaya shi ne abin da na'ura mai wat 1,000 ke ci a awa ɗaya). Raba kuɗin lita ɗaya gida uku ka ga nawa kowane kilowat-awa ya tsaya maka, ban da juyen mai da ladan makaniki. Na biyu, farashinsa ba a hannunmu yake ba. Da Najeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, nan take kuɗin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri da ake sayarwa a bakin hanya, ya yi tsalle a Garwa da Marwa, duk mai ƙaramin gurup ya ji a jikinsa. Na uku, kowace lita ta gazuwal tana sakin sama da kilo biyu da rabi na iskar kabon da ke ɗumama duniya, mu kuwa mazauna bakin Sahel muna cikin waɗanda rikicewar damina ta fi taɓawa.

Akwai na huɗu wanda ke kisa a dare ɗaya. Hayaƙin gurup yana ɗauke da guba marar wari marar launi. Don Allah kada a kunna shi a cikin ɗaki, ko a zaure a rufe, ko a gindin tagar da yara ke barci, ko da tsoron ɓarawo ne ya sa.

Shin da gaske rana za ta iya riƙe gari, ba fitila da cajin waya kawai ba?

Tana yi ma yanzu. Tashoshin Marwa da Gidar, waɗanda kamfanin Scatec na ƙasar Nowe ya girka tsakanin 2022 da 2023, sun fara da kimanin megawat 30 a haɗe, da manyan batura a gefe. In aka gwada da megawat 72 na Lagdo za a ga ba abin rainawa ba ne. Kuma an gama su cikin ɗan lokaci, alhali madatsa takan ci shekaru.

Yankinmu yana samun abin da ya kai kilowat-awa biyar zuwa shida na hasken rana a kan kowace murabba'in mita a wuni. Jamus ba ta samun fiye da wajen rabin haka, amma ta cika rufin gidajenta da faifai. Farashin faifan kuma ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. A ganina, duk kuɗin da za a zuba a sabon injin gazuwal don aikin rana tsaka a Marwa ko Njamena, asara ce da ake iya kauce mata.

Da daddare fa, lokacin da aka fi buƙatar wuta?

Nan ne raunin sola, babu ɓoyewa. Buƙata ta fi yawa daga magariba zuwa wajen ƙarfe goma, daidai lokacin da faifai ya daina aiki. Batir yana taimakawa na wasu awoyi, amma har yanzu shi ne ɓangaren da ya fi tsada.

Sai dai mu a arewacin Kamaru muna da wata dama da ba kowa ke da ita ba. Duk awar da sola ya ɗauki nauyin gari da rana, ana iya rage wa injunan Lagdo aiki, ruwan ya zauna a tafki. Da magariba a sake shi. Ashe ke nan kowane faifai da aka kafa a Gidar yana ƙara wa tafkin kwana. Kuma watannin da ruwa ya fi ƙasa su ne watannin da sama take tas babu hadari, watannin da hadari ke rufe rana kuma su ne na cikar kogi. Rana da wuni, ruwa da dare, gazuwal a ajiye shi don ranar larura: wannan shi ne tsarin da ya dace da ƙasarmu.

Zafi da ƙurar hunturu ba sa lalata faifai?

Mutane da yawa suna zaton zafi ne abincinsa. A'a, haske ne. Zafi rage masa ƙarfi yake yi, kusan kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri da jikinsa ya haura 25, kuma a kan kwano da azahar jikin faifai yana iya wuce 60. Don haka kada a manna shi da rufi, a bar tazarar da iska za ta ratsa ta ƙasa.

Ƙura kuwa maganinta ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma lokacin da gilashin ya huce. Da hunturu a riƙa yi a kai a kai. A kuma lura da inuwa: reshen dalbejiya ɗaya da ya faɗo a kan kusurwar faifai yana iya karya ƙarfin layin gaba ɗaya.

Ina so in sa a gidana. Faifai nawa zai ishe ni?

Kada ka fara da kasuwa, fara da takarda da alƙalami. Rubuta kowane abu, wat nawa yake ci, awa nawa yake aiki. Misali ƙwan fitila huɗu masu wat 10 na awa biyar, 200 ke nan. Fanka mai wat 50 na awa takwas, 400. Talabijin mai wat 60 na awa huɗu, 240. Cajin wayoyi a ce 60. Jimilla wat-awa 900 a wuni. Faifai mai wat 300, in ya samu awa biyar na rana mai ƙarfi, aka cire kamar rubu'i na abin da ke salwanta a zafi da waya da batir, zai ba ka wajen 1,100. Ya isa, da ɗan rara.

Da ka ƙara firji lissafi ya canza. Dutsen guga, hita da na'urar sanyaya ɗaki kuwa wani babi ne daban, su ne ke kashe batir tun bai tsufa ba. Kuma araha ba ta ado: akwai faifan da aka rubuta masa wat 300 a baya alhali bai kai ba. Ka je da wanda ya san aikin ya auna shi a rana kafin ka biya, kada kuma ka haɗa faifai da batir kai tsaye ba tare da na'urar daidaita caji ba.

Wato sola ba shi da wata illa?

Yana da ita, kuma a batir take. Faifai mai kyau yana kai shekara 25, amma batirin dalma a zafin nan namu shekaru kaɗan yake yi, musamman in ana zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare. Na litiyom ya fi daɗewa, ya fi kuma tsada. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara, ruwan batir kuma yana ƙona fata ya gurɓata ƙasa. Mataccen batir ba abin wasan yara ba ne, ba kuma a fasa shi a tsakar gida ko kusa da rijiya. A mai da shi wurin masu karɓar tsofaffi.

Madatsa ma ba a gina ta kyauta. Tafkin Lagdo ya kawo kamun kifi da noman rani, amma ya canza yadda ruwa ke malala a fadamun da ke ƙasa da shi, inda ake dogaro da ambaliyar shekara don noman muskuwari, wato dawar rani.

Iska, kwal da nukiliya fa?

Iska tana da ƙarfi sosai a arewacin Chadi, kuma an kafa 'yan injunan iska a Amjaras. A kwarin Binuwai ba ta kai a dogara da ita ba. Kwal shi ne ke ba duniya kusan kashi ɗaya cikin uku na lantarkinta, shi ya fi kowa hayaƙi, amma Kamaru da Chadi ba sa amfani da shi. Nukiliya ba ta fitar da hayaƙi, sai dai yuraniyom ma'adini ne mai ƙarewa. Ana haƙo shi a Arlit ta Nijar, akwai shi ma a ƙasa wajen Poli, amma tashar nukiliya ɗaya ce ke aiki a duk Afirka, ta Koeberg a Afirka ta Kudu, Masar kuma tana gina tata.

Itace da gawayi suna cikin masu sabuntuwa?

Sai in ana dasa abin da aka sare. In ana sara ba a dasawa, daji ƙarewa yake yi kamar rijiyar mai, kuma duk wanda ya ga yadda masu itace ke ƙara nisa daga Marwa ya san haka. Abin da ya fi dacewa da lantarki shi ne abin da ake zubarwa: ɓuntun shinkafar Yagwa da Maga, ɓawon ƙwayar auduga, da kashin shanu da ake iya tarawa a rami a rufe ya ba da gas na girki ko na ƙaramin inji.

In aka haɗa wayar kudu da ta arewa, shi ke nan an huta?

Akwai aikin da Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka suke cikin masu ba da kuɗinsa, na jawo babbar waya daga yankin Nachtigal zuwa Ngaundere, sannan ta wuce ta Garwa da Marwa har Njamena. Zai sauƙaƙa sosai, domin ranar da Lagdo ta gaza Sanaga za ta tallafa, Chadi kuma ta samu wutar ruwa mai rahusa a madadin ta gazuwal.

Amma kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Kudu ma tana da nata ranin da nata masu buƙata, waya mai tsawon ɗaruruwan kilomita kuma hasumiya ɗaya in ta faɗi sai duk layin ya tsaya. Babbar waya kuma a babbar tasha take sauka, ba ta shiga ƙauye. Ƙauyen da ke bayan Mokolo ko a gaɓar Logon, mai nisan kilomita talatin daga turken ƙarshe, ƙaramar tashar sola ta gari da batirinta ce za ta riga kai masa wuta: ta ɗaga ruwan rijiyar burtsatse, ta riƙe firjin allurar rigakafi a asibitin shan magani, ta juya injin niƙa da rana. Irin wannan tasha tana rayuwa ne in an naɗa wanda zai riƙa wanke faifai, an horar da wani ɗan garin kan gyara, kuma kowane gida yana biyan ɗan abin da za a tara don sayen sabon batir in na farko ya mutu.